Aikin hukumar gwamnati ko sana'ar kawuna: ina neman shawarar waɗanda suka san aikin

Matashin unguwar Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawara a kan wani al'amari da ya kamata in yanke hukunci a kansa ba da jimawa ba, kuma na fi son in ji ta bakin waɗanda suka yi aikin gwamnati da kansu.

Na yi lisansi a fannin noma a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi, sannan na yi bautar ƙasa ta shekara 2 a wata ma'aikata. Tun da na gama nake taimaka wa kawuna a sana'arsa ta hatsi, inda muke sayen gero da wake da aya a kasuwannin ƙauye muna ajiyewa, wani mu sayar a nan, wani kuma a tsallaka da shi Najeriya. Yanzu wata hukumar gwamnati da ke aiki da manoma ta kira ni bayan na ajiye takarduna, ta ce za ta ɗauke ni, amma an shaida mini cewa ba matirikil (lambar da ake ba cikakken ma'aikacin gwamnati) za a ba ni ba, kwantaragi za mu sa wa hannu da ita hukumar. Mahaifiyata tana murna ƙwarai, domin a wurinta duk wanda ke zuwa biro ya samu rufin asiri har tsufansa. Kawuna kuwa bai hana ni ba, amma ya ce abin da za a biya ni a wata bai kai ribar da ake samu a mota guda ta wake ba idan kasuwa ta yi kyau, kuma bai ga dalilin da zai sa ɗan Maraɗi ya bar ciniki ya koma jiran ƙarshen wata ba.

Tambayoyina su ne: mene ne bambancin ma'aikacin hukuma irin wannan da ma'aikacin da ke da matirikil, musamman ta wajen tabbacin aiki da fansho? Shin mutum zai iya riƙe iyali da albashin gwamnati ba tare da ya sa hannu a abin da ba nasa ba? Kuma zai yiwu in karɓi aikin in ci gaba da sa ido a kan sana'ar kawuna, ko doka ta hana? Allah Ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Dattijon unguwar Ali Ɗan Tsoho ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi kyau da ka tambaya kafin ka sa hannu, domin da yawa daga cikin ƴaƴanmu sai sun shekara suna aiki kafin su gane matsayinsu a wurin da suke yi wa hidima. Ni na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma mafi yawan shekaruna a sashen kula da ma'aikata na yi su, saboda haka zan tsaya a kan tambayarka ta farko.

Mutanen gari duk wanda suka gani a biro sai su ce ma'aikacin gwamnati ne, alhali kuwa gida biyu ne daban. Na farko shi ne na masu matirikil, waɗanda dokar ma'aikatan gwamnati ta watan Yuli na 2007 ta tsara zamansu. Ana shiga ne ta hanyar konkur, wato jarrabawar gasa ta ɗaukar ma'aikata, kuma takardar karatun mutum ce ke nuna rukunin da za a sa shi: rukunin A na masu karatun jami'a ne da manyan makarantu, B na masu matsayin bakaloriya, C na masu matsayin BEPC, sai D a ƙasa. Wanda aka ɗauka yakan yi shekara guda ta gwaji kafin a tabbatar da shi, daga nan kuma yana hawa mataki bayan kowace shekara 2, albashinsa yana bin makin da ke jikin matakin nasa, ba son ran shugabansa ba. Baitulmalin ƙasa ne ke biyansa, kuma korarsa ba abu ne mai sauƙi ba, domin sai ya yi laifi an gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa an ji ta bakinsa. Idan ya kai shekarun ritaya, fanshonsa yana fitowa ne daga CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati. A madadin wannan tabbaci, ya sallama wa gwamnati kansa, duk inda ta ga dama ta tura shi, ko Bilma ko Difa, kuma ba shi da ta cewa.

Gida na biyu shi ne wanda aka kira ka. Hukumomi da kamfanonin gwamnati da dama suna da kasafinsu da majalisar gudanarwarsu, kuma suna ɗaukar nasu ma'aikata da kwantaragi a ƙarƙashin dokar ƙwadago, kamar yadda kamfani mai zaman kansa yake yi. Fanshon irin waɗannan ma'aikata yana hannun CNSS, asusun ƙasa na kula da jin daɗin ma'aikata. Sau da yawa albashinsu ya fi na mai matirikil da ke da takarda irin tasu, wasu ma suna da alawus ɗin da ma'aikacin ministiri bai taɓa gani ba, amma ƙarfin aikin yana rataye ne da lafiyar hukumar da kuma abin da aka rubuta a takardar da ka sa wa hannu. Idan kuɗin da ke tafiyar da ita na wani shiri ne da masu ba da tallafi daga waje ke biya, to ranar da shirin ya ƙare ko masu tallafin suka janye, aikin yana iya tafiya tare da su, kuma mun ga haka a ƙasar nan bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023. A cikin biro guda za ka tarar da mai matirikil da aka ba da aronsa ga hukumar, da mai kwantaragi, da ɗan bautar ƙasa, teburinsu iri ɗaya, amma makomarsu ba ɗaya ba ce.

Ina so kuma ka gaya wa mahaifiyarka, cikin ladabi, cewa ko matirikil ɗin bai taɓa zama kariya daga wahala ba. Mu da muka yi aiki a shekarun 1990 mun ga watanni suna wucewa ba albashi, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana ta kiran yajin aiki, ga shi kuma an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, farashin kaya ya tashi, albashi yana nan inda yake. A lokacin, masu kanti da masu gidajen haya na garin nan su ne suka riƙe ma'aikata da bashi, kuma har yau ina ganin girman waɗanda suka yi mana haƙuri. Al'amura sun daidaita daga baya, amma wanda ya ga wancan zamani ba zai ce maka albashi abu ne da ba ya yankewa ba.

Duk da haka ra'ayina shi ne ka karɓi aikin idan takardar ta yi kyau. Ƙasa ta kashe kuɗi ta koya maka ilimin noma, kuma manoman jihar nan, daga Madarumfa har Dakwaro, suna da buƙatar mutumin da ya san iri da taki da maganin ƙwari, wanda kuma ya san yadda ake cinikin amfanin gona. Kai ka haɗa biyun, abin da ba kasafai ake samu ba.

Malama daga Tasawa ta amsa:

Ƙanena, Baba ya yi maka bayanin doka, ni kuma zan yi magana a kan tambayarka ta biyu, domin ita ce ta fi taɓa ni. Na fara koyarwa ina ƴar kwantaragi a wani ƙauye, ana biyanmu jika 75 a wata, kuma sau da yawa kuɗin ba ya zuwa a kan lokaci. Ina cikin waɗanda suka zauna jarrabawar tantance malaman kwantaragi ta 2017, daga baya Allah Ya sa na samu matirikil. Saboda haka na ɗanɗana zaman duka biyu.

Ana iya rayuwa da albashi cikin halal, amma sai mutum ya tsara kansa tun daga watan farko, domin abin da ke karya ma'aikaci ba ƙarancin albashin kaɗai ba ne, har da yadda dangi da shi kansa suke kallon albashin. Ranar da aka ji ka fara aiki, za a ɗora maka kuɗin makarantar ƙanne, da takardar magani, da gudummawar biki da suna, kuma babu wanda zai tambaye ka nawa kake ɗauka. Banki kuma zai buɗe maka ƙofar bashi da zarar albashinka ya fara shiga wurinsa: bashin babur, bashin fili, bashin komawar yara makaranta, bashin ragon layya. Ka je bakin kowane banki a ƙarshen wata ka duba fuskokin mutanen da ke layi. Za ka ga mutum ya karɓi takardarsa ya tsaya a gefe yana duba abin da ya rage bayan an cire haraji da bashi, ya ninke ta ya sa a aljihu, sannan ya nufi wurin mai kanti domin ya rage tsohon bashi a buɗe masa sabo. Wanda ya kai ranar 10 ga wata ba ko dala a hannunsa, shi ne idan aka miƙo masa na goro domin ya fito da wata takarda zai ji hannunsa ya yi nauyin mayarwa. Ban ce wannan uzuri ne ba, hanyar da na ga mutanen kirki suna bi su lalace ce nake nuna maka. Shawarata ita ce ka zauna da mahaifiyarka ka faɗa mata ainihin abin da za a biya ka, ku yanke abin da za ka riƙa bayarwa a gida kowane wata, kuma kada ka ci bashin banki a shekararka ta farko.

Akwai wani abu kuma da zai ɓata maka rai, gara ka sani tun yanzu. A ma'aikatunmu akwai abin da ake kira PAC, wato dangi da abokai da sanayya, kuma za ka ga wanda ke da uwa a gindin murhu an bar shi a birni ko an ba shi tafiye-tafiyen da ke da alawus, kai kuwa an tura ka inda babu ruwa babu wuta. Ni kaina takardun ƙarin girmana sun daɗe a kan wani teburi, sai da na yi ta bibiya kafin su motsa, alhali na wasu da muka ajiye tare sun fita tuni. Idan ka bar wannan ya cika maka zuciya, za ka huce a kan talakan da ya zo gabanka, wanda shi bai yi maka komai ba. Manomin da ya biya kuɗin mota daga ƙauyen Mayahi ya zo biro aka ce masa ya dawo gobe, ya yi asarar kuɗi da yini, kuma wataƙila ba zai iya dawowa ba. Idan za ka iya tuna wannan kullum, aikin yana da daɗi da lada, domin babu abin da ya kai ka ga mutum ya fita daga wurinka buƙatarsa ta biya ba tare da ya ba da ko sisi ba.

Alhajin Babbar Kasuwa ya amsa:

Yaro, ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa ɗaukar albashi ba, kuma ina ganin maganar kawunka tana da gaskiya a cikinta wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Garin nan da ciniki ya ginu, tun zamanin gyaɗa har zuwa kayan da ake wucewa da su Najeriya ta Ɗan Isa, kuma manyan gidajen da kake gani ba da albashi aka gina su ba. Wanda ya samu ubangida na jini da ya yarda ya koya masa sana'a ya samu abin da ba a samu a makaranta.

Sai dai kawunka ya faɗa maka ribar mota guda idan kasuwa ta yi kyau, bai faɗa maka shekarar da ba ta yi kyau ba. Lokacin da aka rufe iyaka bayan takunkumin CEDEAO na 2023, da kuma yadda naira ta yi ta faɗuwa, na san mutanen da suka cika sito da kaya suka rasa inda za su kai, jarinsu ya narke suna kallo. A watannin nan ma'aikaci ne ke shigowa kasuwa da kuɗi a hannu. Saboda haka ba zan ce maka wannan ya fi wancan ba, ya danganta da zuciyarka da irin haƙurin da kake da shi.

Abin da zan hana ka shi ne haɗa biyun a ɓoye. Mun sha zuwa biro neman sa hannu mu tarar da ƙofa a buɗe, fanka tana juyawa, hula a kan teburi, mai wurin kuwa yana kasuwa yana duba kayansa. Irin wannan mutum ya cuci gwamnati, ya cuci mu da ke jiransa, kuma cinikin nasa ma ba ya albarka domin rabin hankalinsa ne a kai. Naka ma ya fi haɗari, tunda hukumar da manoma take aiki, kawunka kuma hatsi yake saye. Ranar da aka ga motarsa a ƙauyen da kai ka raba iri ko ka yi ƙidayar amfanin gona, ko da ba ka yi komai ba, sunanka ya ɓaci, nasa ma haka. Idan ka zaɓi biro, ka je ka durƙusa ka nemi albarkarsa, ka miƙa masa littafin lissafinsa da makullin sito, ku rabu lafiya.

Matashin Bagalam ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Malama, na gode Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Na koma hukumar na nemi a nuna mini takardar, sai na ga kwantaragin na shekara guda ne wanda aka ce ana iya sabuntawa, akwai kuma lokacin gwaji a farkonsa. Albashin ya fi abin da na zata, amma ban ga inda aka ambaci CNSS ba, kuma ba a rubuta garin da zan zauna ba, an ce kawai cikin jihar Maraɗi. Shin wannan abin damuwa ne? Kuma idan na karɓa, ina da damar zama konkur ɗin gwamnati idan an buɗe, ko na rufe wa kaina wannan ƙofa?

Ma'aikaciyar unguwar Zariya ta amsa:

Malam, ina aiki a sashen lissafi na wata hukuma irin wadda ta kira ka, kuma ta hannuna albashin ƴan kwantaragi yake bi, saboda haka ga abin da na sani.

Kwantaragi mai wa'adi halal ne a dokar ƙwadago ta 2012, amma dokar ta yi masa iyaka: ba ya wuce shekara 2, kuma sau ɗaya ake sabunta shi. Idan aka ci gaba da aiki da mutum bayan haka, matsayinsa ya koma na wanda aka ɗauka ba wa'adi. Don haka ka tambaye su kai tsaye ko gurbin da za ka shiga yana cikin tsarin ma'aikatan hukumar na dindindin, ko kuwa na wani shiri ne mai ranar ƙarewa, kuma daga ina kuɗin albashin yake fitowa. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce, duk shugaban ma'aikata na ƙwarai zai amsa maka ita ba tare da ya ji haushi ba.

Maganar CNSS wajibi ce a kan duk mai ɗaukar ma'aikaci, ko an rubuta a takarda ko ba a rubuta ba, amma kada ka dogara da hakan. Ka nemi a yi maka rajista a ba ka lambarka, ka riƙa karɓar takardar albashinka kowane wata kana adanawa, kuma lokaci-lokaci ka je ofishin CNSS na nan Maraɗi ka tabbatar cewa abin da ake cirewa daga albashinka yana isa can. Na ga dattawan da suka zo ritaya suka tarar da shekaru da dama babu zubi a sunansu, kuma gyara irin wannan bayan lokaci ya wuce yana da wuya ƙwarai. Ka duba kuma ko adadin da aka rubuta maka kafin cire haraji da zubin fansho ne ko bayansa, domin tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa. Idan akwai abin da bai fito maka sarai ba, ofishin sufeton ƙwadago yana duba irin waɗannan takardu, kuma aikinsa ke nan.

Rashin ambaton gari yana nufin za a iya kai ka ko'ina cikin jihar, har Bermo ko Gazawa, saboda haka ka tambayi ko akwai alawus ɗin gida da na tafiya, da kuma wanda zai ɗauki nauyin man babur idan aikin na zagayen ƙauyuka ne. A sa amsar a rubuce, domin alkawarin baki yana tafiya ne tare da darektan da ya yi shi.

Game da konkur, kwantaragi da hukuma ba ya hana ka zama, muddin ka cika sharuɗɗan da sanarwar ta gindaya, har da na shekaru. Takardar kammala bautar ƙasa da ke hannunka za ta yi maka amfani a nan. Ka tanadi kofen takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da na karatu waɗanda aka buga wa hatimi, amma takardar shaidar rashin laifi ta kotu da ta likita kada ka yi gaggawar cirowa, domin ana son sababbi ne waɗanda ba su wuce wata 3 ba, kuma lokacin ajiye takardu yakan yi gajarta. Idan ka ci, sai ka ba hukumar sanarwar barin aiki bisa wa'adin da kwantaragin ya tanada, ka karɓi takardar shaidar aikin da ka yi musu kafin ka tafi.

A kan sana'ar kawunka, dokar masu matirikil ta hana su mayar da kasuwanci sana'a, hukumomi da yawa kuma suna da irin wannan sharaɗi a dokokinsu na cikin gida, saboda haka ka nemi kofen dokar cikin gidan ka karanta kafin ranar sa hannu. Noma da kiwo ne abin da yawancinmu muke yi a gefe, kuma kai da ka karanci fannin, gona ko ƴan tumaki da wani zai kula maka da su ba za su hana ka zuwa aiki a kan lokaci ba.